Wa Ya Shuka Gawon Gonar Tudu

Ranar sunan jikata ta baya-bayan nan na ji ɗayanku, ba zan faɗi ko wane ne ba, yana gaya wa baƙi cewa Baba ne ya shuka itatuwan gawon da ke gonarmu ta tudu, wai tun kafin a fara maganar kwararowar hamada a rediyo shi ya hango abin. Ina cikin zaure ina ji, har na ɗan gyara zaman hulata, don yabo akwai daɗi. Amma da na kishingiɗa bayan azahar sai abin ya tsaya mini a rai. Ban shuka gawo ko ɗaya ba. Ni ne ma na sa aka sare su. Tun da kun matsa in rubuta muku abin da na tuna na rayuwata, bari in gyara wannan tun ina da sauran numfashi, kada ku je kuna yaɗa abin da ba haka yake ba da sunana.

Shekarar da aka ba mu jiha ina Kano ina ɗinki. Ina kan keke ina haɗa wuyan wata riga aka faɗa a rediyo cewa Dutse ce babban birni. Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba, allura ta karye, na rungume maƙwabcina mai guga wanda ko gaisuwar kirki ba ma yi. Dutsenmu! Garin da in ka ce daga can kake sai a tambaye ka ta wace hanya ake bi. Ban yi wata biyu ba na ɗaure kekena a saman mota, na kwaso mahaifiyarku muka dawo, na kama shago a unguwar Limawa. Ba za ku gane yadda garin yake a lokacin ba. Kullum ka fito sai ka ga sabon abu: tipa na zuba yashi, ma'aikata daga Kano na yawo da jakunkuna suna neman ɗakin haya, mai shayi ya zama babban mutum. Ɗinki ya yi mini yawa har ina mayar da wani. Ina tafiya kamar ƙasa ba za ta ɗauke ni ba, kuma duk abin da na kalla na tsohon zamani sai in ga ya tsufa da yawa, ya kamata a sake shi. Cikin abubuwan da na kalla da wannan ido har da gonar tudu.

Mahaifina, Malam, ya rasu shekara biyu kafin nan, gonar ta dawo hannuna da yake ni ne babba. Jigawa ce, rairayi zalla, amma tana cika mana rumbu biyu, kuma daga ita gidanmu yake ci daga kaka zuwa kaka. Gawo goma sha ɗaya ne a cikinta, manya, wasu mutum biyu ba sa haɗa hannu a gindinsu. Ku da kuka tashi a gari bari in gaya muku halin gawo, don itace ne mai saɓa wa jama'a. Da damina, lokacin da kowane itace yake kore shar, shi sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, rana ta sauka har gindinsa. Da rani, lokacin da kowa ya bushe, shi sai ya yi ganye ya yi 'ya'ya. Geron da ke ƙarƙashinsa kuwa ko makaho ya shafa zai san ya fi na fili. Duk na san wannan, a nan aka haife ni. Sanin ne bai hana ni komai ba.

Akwai kuma Baffa Buba, Bafillace aminin Malam. Kowace shekara da an gama girbi sai ya sauko da shanunsa ya yi mashekari, wato zangon rani, a gonarmu. Su cinye kara, su kwana a inuwar gawo, da bazara su yi ta tsintar 'ya'yansa, su bar mana taki. Ba a taɓa yin wata yarjejeniya ba, haka ubansa ya yi da kakana. Shi da Malam in sun zauna sai tsiya, wannan ya ce manomi bawan ƙasa, wancan ya ce makiyayi bawan saniya, su raba goro ɗaya su tashi.

Sai ku san Inna, kakarku, don ba za ku fahimci sauran labarin ba sai da ita. Ni ne ɗanta na fari, kuma ita mutuniyar da ce, ta riƙe alkunya da gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana son gaya mini abu sai ta gaya wa wanda ke kusa, in babu mutum ta gaya wa akuya ko kaza ko tukunya, ni kuma in tsinta. Haka muka yi shekara arba'in muna hira, kuma ban taɓa kasa gane ta ba sai in na ga dama.

Da rani ya kama a shekarar, na je na ga tarakta tana aiki a gonar wani ma'aikaci a bakin gari. Na tsaya baki buɗe. Abin da muke kwana goma muna yi da garma, kafin in gama cin rake ta gama shi, ƙasa ta juye ta yi baƙi tana ƙamshi. Ban bar wurin ba sai da na ɗauko direban a bayan babur na kai shi gonar tudu. Ya zagaya, yana harbin saiwoyi da takalmi.

"Maigida, wannan ai daji ne, ba gona ba. Ina zan juya mota a nan? Saiwa ɗaya ta kama faifan garma, ni za a kora."

Na ce, "To in babu itatuwan fa?"

"In babu su, kafin azahar na gama maka, ka zuba takin zamani ka je ka yi ɗinkinka."

Wannan magana ta shige ni kamar ruwan sanyi. A lokacin gidajen burodi sun fara yawa a gari, masu saran itace na neman inda za su sara. Na yi magana da wasu, suka ce za su sare su tone kututture, itacen ya zama ladansu. Na dawo gida ina ta zuba, ina kwatanta tarakta da hannu, ina cewa bana rumbu uku za mu gina. Inna na tsakar gida tana ba akuyarta 'ya'yan gawo a ƙwarya. Ba ta ɗago ba.

"Ke 'yar nan, ci ki ƙoshi. Baɗi war haka sai dai ki ci tayar mota."

Mahaifiyarku ta ƙyafta mini ido. Na yi dariya na ce Inna akwai barkwanci, na shige ɗaki. Na ji ta sarai, kuma na san ba da akuya take ba. Da uwar wani ce da ta tare ƙofa ta ce ban yarda ba, kuma da ban isa in tsallake ba. Ni na samu uwa mai kunyata, sai na fake da kunyarta na yi abin da nake so. Wannan shi ne abin da ya fi damuna har yau, ya fi saran itatuwan kansa.

Kwana tara aka yi ana sara. Ina zuwa kowace safiya kafin in buɗe shago, kuma ba zan ɓoye muku ba, murna nake yi. In babba ya tafi zai faɗi, ƙasa ta girgiza, tsuntsaye su watse, har kabbara nake yi. Bakwai suka tafi. Huɗun da suka tsira ba tausayina ne ya cece su ba, a kan iyaka suke, maƙwabcinmu ya ce rabin kowanne nasa ne kuma bai sayar da rabinsa ba. Ruwa na sauka tarakta ta shiga, kuma direba bai yi ƙarya ba, kafin azahar ya gama. Na tsaya a tsakiyar gonar ina hango ƙarshenta ta kowane ɓangare, ban taɓa ganinta da faɗi haka ba. Gero ya yi kyau a shekarar, kai, ya yi kyau ƙwarai. Mutane na tsayawa a hanya suna kallo, ni kuma ina karɓar barka kamar wanda ya ƙirƙiro noma. Ban san takin shekara da shekaru ne nake cinyewa a zama ɗaya ba. Da aka yi girbi ma ban bar kara ba, na sa aka tattare aka kai gari, don masu kiwon raguna a sababbin gidaje suna nema.

Ina gonar ranar da Baffa Buba ya iso. Na hango ƙahonni daga nesa, sai ga shi a gaba da sanda a kafaɗa. Shanun suka shigo yadda suka saba, kowace ta nufi inda take kwanciya, sai suka tsaya cirko-cirko a fili suna waige-waige. Wata farar saniya tsohuwa ta je daidai ramin babban gawon tsakiya tana shinshina ƙasa. Na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi Inna da yara. Sannan ya daɗe yana kallon gonar.

"Ɗanjuma, gobara aka yi?"

Na ce, "A'a Baffa, gyara aka yi. Zamani ne ya zo."

"To madalla. Shi zamanin, da me zai ba su abinci?"

Na fara yi masa bayanin tarakta da takin buhu. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Sai ya yi wa shanun wata 'yar fito, suka juya.

"Ni baƙo ne, ko'ina na kwana. Su ne 'yan gida, kuma su ka kora."

Daga ranar bai sake zuwa ba. Shekara ta biyu gero ya ragu, na ce ruwa ne. Ta uku kuwa ba ni da abin cewa. Iskar farkon damina ta taso, babu abin da zai tare ta, rairayi ya bi shuka ya binne ta tun tana 'yar ƙarama kamar kunnen ɓera. Sau uku na sake shuka. Takin zamanin da na dogara da shi, ranar da ake nemansa ba a samu, ranar da aka samu ruwan sama ya wanke shi ya shige rairayi. Da kaka rumbu ɗaya ma bai kai wuya ba. Abin da ya fi ba ni haushi, gindin gawo huɗun nan na kan iyaka gero ya tsaya kamar a fadama, kowa ya wuce yana gani. A karo na farko tun da aka kafa gidanmu, aka ɗauki kwano aka je kasuwa awon hatsi watanni kafin sabo ya fito. Inna ta karɓi tuwon ta ci, ta ce wa kyanwa tuwon kasuwa ba ya riƙe ciki.

Ni kuma ba na son a ga gazawata, sai na ce abin mai sauƙi ne, wanda ya sare ai zai iya shukawa. Da bazara na tsinto 'ya'yan gawo, na ɓare, na tara ƙwayar cikin gwangwani. Ruwa na sauka na bi gonar da sungumi na shuka su layi-layi, har da alamar tsinke. Na jira mako biyu, na jira wata. Ko ɗaya bai fito ba. Na tona na ga ƙwayar tana nan yadda na sa ta, tauri kamar tsakuwa. Na dawo gida na zauna a kan turmi ina juya gwangwanin, ina ce wa mahaifiyarku wataƙila irin ne ba shi da kyau. Inna na watsa wa kaji tsaba.

"Ke kaza, ke da kike yawo, kin taɓa ganin mutum ya shuka gawo? Shi ai sai ya bi ta cikin saniya ya fito cikin kashinta, sannan yake yarda ya tsiro. Wasu sun kori manoman, sun zo suna tona rami da gwangwani."

Na miƙe tsaye, gwangwanin ya faɗi. Wallahi ji na yi kamar an buɗe taga a kaina. Shekara arba'in ina ganin 'yan gawo na fitowa a tsakiyar busasshen kashin shanu, ina ganin Malam na ɗaga fartanya ya tsallake su, ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Ashe itatuwan da na sare ba kakana ne ya shuka su ba, shanun uban Baffa Buba ne. Na ce da ƙarfi, ina kallon kazar ni ma, "To a gaya wa mai kaji gobe za a tafi neman manoman." Mahaifiyarku ta toshe baki da mayafi tana dariya.

Ban samu tafiya washegari ba, sai da aka yi girbi, don sai lokacin ake sanin inda makiyayi ya sauka. Na yi ta tambaya a kasuwar shanu har aka ce an gan shi wajen Miga, a bakin fadama. Na rufe shago, na sayi goro, na hau motar kasuwa, sauran tafiyar na ƙarasa da ƙafa. Na same shi da hantsi a gindin wata tsamiya yana tufka igiya. Ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye goron, na ce na zo ba da haƙuri ne, na kuma zo roƙon ya dawo da shanunsa gonarmu. Ya sa aka kawo mini fura da kindirmo, ya ce in sha tukuna. Sai da na shanye ya yi magana.

"Ina zamani? Ba ku zo tare ba?"

Na ce, "Baffa, zamani ya ci ya gudu ya bar ni da rairayi."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce hanyar ma ba kamar da ba ce, burtalin da suke bi an yi gine-gine a wani wuri, an nome wani wuri, sai an yi zagaye mai nisa. Ya ci gaba da tufkarsa kamar ya manta da ni, can ya ɗago.

"Zan zo, ba don kai ba, don mai gonar da ke kwance a kabari. Amma ka ji. Kara ba ya fita daga gonar. Motar nan ba ta sake shiga, don ba ta da ido. In ɗan gawo ya fito, fartanya ta tsallake shi, ko a tsakiyar shuka yake."

Na ce na yarda, na maimaita har sau uku. Na dawo Dutse ina waƙa a bayan mota, mutane na kallona.

Ranar da shanun suka dawo ba zan manta da ita ba. Tun da safe nake gonar, na bar karan shekarar duka a tsaye, ko ɗaya ban taɓa ba. Wajen la'asar na ji kukansu kafin in gan su. Na ruga, ni da girmana, babbar riga na kama iska, na tarye su tun daga hanya. Farar tsohuwar saniyar nan ce a gaba, ta wuce ni ko kallona ba ta yi ba, ta shiga gonar kamar jiya ta fita. A ranin nan na zama bawan saniya sosai, yadda Malam yake tsokanar amininsa. Gawo huɗu ba za su ishe su ba, don haka da bazara in na tashi daga shago sai in bi gonakin da ba a kiwo a cikinsu, in roƙi masu su, in tsinto 'ya'yan gawo buhu-buhu in kawo a babur in zube wa shanu. Abokaina na Limawa suka sa mini suna Telan Shanu. Wani da ya taya ni murnar tarakta ya ce na koma baya, na ce e, na koma, a can na yi mantuwa.

Ruwa ya sauka, Baffa Buba ya tashi da shanunsa, muka yi huɗa da garmar shanu muka yi shuka. Kwana goma sha biyu bayan nan ina duba gero da sassafe, sai na ga wani ɗan abu kore a tsakiyar kashin saniya, ganyensa ƙanana kamar haƙoran mataji. Na durƙusa. Na ga wani a gaba, na ga wani. Na bi gonar da rarrafe ina ƙirga, da na wuce talatin na daina, na zauna a ƙasa ina dariya ni kaɗai. Na yayyaga tsohon ƙyallen da ke aljihuna na ɗaura a tsinke kusa da kowanne. Daga nan ban tsaya ko'ina ba sai gida, na shiga ina haki, na ce wa mahaifiyarku da ƙarfi yadda za a ji a ɗakin Inna, "Sun fito!"

Inna ta daɗe ba ta zuwa gona saboda gwiwa. Ranar sai ga ta ta fito da mayafi da sanda, ta ce wa mahaifiyarku tana son ta ga gero. Na ɗauko amalanken maƙwabci muka kai ta. Ta sauka a bakin hanya, ta taka a hankali, ba ta ko kalli geron ba. Ta tsaya a kan ɗan gawo na farko da ta tarar, ta dafa sanda ta sunkuya har sai da na ji tsoron za ta faɗi. Ina tsaye taku biyu daga ita. Ta taɓa ganyen da ɗan yatsa.

"Kai ɗan gawo, sannu da zuwa. In ka ga mai gonar nan, ka gaya masa na yafe. Ka ce Allah ya yi masa albarka."

Na juya baya na yi kamar ina gyara tsinke, don kada ta ga fuskata, ita ma ta yi kamar ba ta gani ba.

Gonar ba ta warke a shekara ɗaya ba, kada ku zaci haka. Mun ƙara shekaru muna haɗawa da awo, kuma sai wajen shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, da masu tara zakka suka zagayo, na iya fitar da dami daga gonar tudu ban ji kunya ba. Lokacin 'yan gawon sun fi ni tsawo. Inna ba ta kai nan ba, ba ta taɓa zama a inuwarsu ba. Baffa Buba ma ya riga mu, 'ya'yansa ne ke saukowa yanzu in hanya ta bari. Irin manyan bakwai ɗin nan kuwa, ni dai ba zan sake ganinsu a gonar ba, ko ku ma da wuya.

To ga amsar, in baƙo ya sake tambaya. Shanun Baffa Buba ne suka shuka, Inna ce ta faɗi yadda za a yi, ni ɗaga fartanya kawai na yi. Kun sha tambayata me ya sa na bari a sassabe reshen kowane gawo a ba dabbobi amma ban da na bakin hanya, har kuna cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Shi Inna ta ba saƙon yafiyar nan, kuma duk ranar da na je gonar ina tsayawa a gindinsa in sake karɓa.